Wanda ya raine shi, da wadda ta ba shi ruwa

A littafin Victor Hugo mai suna Notre-Dame de Paris, wanda ya fito a 1831, da wuya ka sami wani mai muhimmanci a labarin da bai taɓa tsayawa gaban Quasimodo ba, ko da na ƙiftawar ido ne. Quasimodo shi ne mai kaɗa ƙararrawa a Notre-Dame, babban cocin nan na birnin Paris, wanda gobara ta cinye rufinsa a watan Afrilun 2019. Ga doro, ga ƙafafu a karkace, ga wani tsiro da ya rufe masa ido guda, daga baya kuma kurumta ta zo ta ƙaru a kai. Mu da muka yi boko da Faransanci a nan Damagaram, sunan Hugo ba baƙo ba ne a wajenmu, sai dai abin da yawancinmu muka riƙe daga littafin shi ne munin mutumin da kyan yarinyar da ya so. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Da Quasimodo Hugo yake auna kowa. Tun kafin labari ya gaya maka wane ne sojan nan ko alƙalin can ko limamin can, duba abin da ya yi sa'ad da idonsa ya faɗa kan wannan bawan Allah, to ka gama sanin halinsa.

Awon ya fara ne tun yaron bai wuce shekara 4 ba. A 1467, ranar Lahadin da ke bin bikin Ista, aka ajiye shi a kan wani gadon katako da ke bakin cocin, inda aka saba ajiye 'ya'yan tsintuwa ko Allah zai kawo mai tausayi ya ɗauka. A gaban gadon akwai tasar tagulla ta zuba sadaka. Yaron na cikin buhu, kansa kaɗai ne a waje, yana ta tsala kuka. Wasu tsofaffi huɗu masu zaman ibada suka kewaye shi suna tofa albarkacin bakinsu. Wannan ta ce ai ba ɗan mutum ba ne, waccan ta ce biri ne da halittarsa ba ta cika ba, wata ta ce gara a ɗora shi kan itace a cinna wuta. Ana cikin haka sai ga wata attajira, Aloïse de Gondelaurier, riƙe da hannun 'yarta mai shekara 6. Ta leƙa, ta kau da kai cikin ƙyama, ta ce ita a zatonta yara kaɗai ake ajiyewa a nan. Sannan ta jefa kuɗin azurfa cikin tasar, ya yi ƙara a kan 'yan ƙananan kuɗin talakawa har tsofaffin suka zaro ido, ta yi gaba abinta.

Irin wannan mata ina ganinta duk Juma'a a ƙofar masallaci, wani lokaci da mayafi, wani lokaci da babbar riga: hannu na miƙa sadaka, fuska na kallon wani gefe. Sadakarta ce mafi tsoka a tasar, kuma ita ma ta fito fili ta ce yaron ba mutum ba ne.

Daga nan wani matashin limamin coci ya ratsa taron, ya ɗora hannu kan yaron ya ce shi ya ɗauka. Ya naɗe shi cikin rigarsa ya shige da shi. Claude Frollo ke nan, kuma duk mai karatun da bai san abin da ke gaba ba dole ya ji yana sonsa a nan. Annobar 1466 ta kashe masa uwa da uba, ta bar masa ƙane jariri mai suna Jehan, yana ɗan shekara 19 ya zama shi ne uwa shi ne uba. Da ya ga wannan yaro a yashe, sai ya raya a ransa cewa in shi ma ya faɗi ya mutu yau, kan wannan gadon za a kwantar da Jehan. Tausayin gaske ne ya kama shi. Ya yi wa yaron baftisma, ya raɗa masa suna, ya sha wahala kafin ya koya masa magana, ya koya masa karatu da rubutu. In karnuka da yaran unguwa sun biyo shi da ihu, tsakanin ƙafafun Frollo yake ɓuya. Yana shekara 14 aka sama masa aikin ƙararrawa.

Amma Hugo ya saka wata magana a wannan wuri da mai gaggawa zai iya tsallakewa. Ya ce Frollo ya yi alwashin rainon yaron ne saboda ƙaunar ƙanensa, domin duk irin laifin da Jehan zai tafka nan gaba, a sami wannan aikin alheri a rubuce da sunansa. Jari ne na lada ya zuba wa ƙanen, ko da wata rana zai isa ƙofar aljanna hannu rabbana. Tun ranar farko ke nan alherin ya biyo ta kan Quasimodo ne kawai, wani daban ake nufi da shi. Ba ina cewa neman lada aibi ba ne. Wanda ya ɗauki maraya don Allah ya yi abin kirki, kuma da Frollo bai miƙa hannu ba, wataƙila da tsofaffin nan sun sami biyan bukata. Abin da nake cewa, mutumin da ya ɗauki yaro a matsayin ma'ajiyar lada ba zai ji nauyin mayar da shi kayan aiki ba idan wata bukatar ta taso. Haka kuwa aka yi.

Ƙararrawar ce ta fasa wa Quasimodo dodon kunne. Da ya lura in ya buɗe baki dariya ake yi masa, sai ya kulle bakin, ba ya magana sai in yana shi kaɗai ko kuma ta zama dole. Tsakaninsa da Frollo sai aka sami wata maganar hannu da su biyu kaɗai suka sani. A duk birnin Paris, mutum ɗaya tak ya damu ya koyi yadda zai yi zance da shi. Kuma abin da ya fi yi da wannan hanya shi ne ba da umarni.

Labarin kansa ya buɗe ne ranar 6 ga Janairu, 1482, ranar bikin wawaye. Aka yi gasar ɓata fuska, kowa ya zura kai ta wata fasasshiyar taga ya yamutsa fuska iya ƙarfinsa, Quasimodo ya cinye, sai da ya fito aka gane ashe ba yamutsawa ya yi ba, haka Allah ya yi shi. Aka naɗa shi Fafaroman wawaye, aka ɗauke shi a kafaɗa ana zagaya gari. Hugo ya ce wannan ne karo na farko da ya ɗanɗana wani abu mai kama da alfahari, don bai iya rarrabe tafin izgili da na girmamawa ba. Frollo ya tare hanya, ya fizge hular, ya karya sandar, ya yage alkyabbar. Ƙato mai ƙarfin da zai iya murƙushe shi da hannu ɗaya sai ya durƙusa. A daren nan ne limamin ya ja shi suka je sace wata 'yar rawar titi mai suna Esmeralda, wadda sha'awarta ta hana shi sakat. Sojoji suka zo, aka kama Quasimodo, Frollo ya sulale cikin duhu.

Washegari aka kai shi gaban alƙali Florian Barbedienne, wanda shi ma kurma ne, sai dai yana ɓoyewa. Dabararsa ita ce ya karanta takardar ƙara tun kafin a shigo da mai laifi, ya shirya tambayoyinsa, ya yi kamar yana jin amsa. Ya tambayi suna, shiru. Ya ce to madalla, shekarunka nawa. Shiru. Ya ce to, sana'arka fa. Shiru. Ya juya ya tambayi magatakarda ko ya rubuta amsoshin. Kotu ta kece da dariya, Jehan na cikin masu ƙyaƙyatawa, yaron da aka tara wa lada da rainon wannan da ke ɗaure. Aka yanke masa bulala da sa'a guda a dandamalin tozarta masu laifi. Magatakardan ya ji tausayi, ya matsa kusa da kunnen alƙali ya nuna Quasimodo ya ce masa mutumin nan kurma ne, yana fatan ciwo ɗaya zai sa a sassauta. Alƙali bai ji ko kalma ba, amma don kada a gane, sai ya gyaɗa kai ya ce ai bai san da haka ba, in haka ne a ƙara masa sa'a guda.

Ana karanta wannan babi a matsayin barkwanci, ni kuwa ban taɓa iya dariya a kansa ba. Baffana, ƙanin mahaifina, sanƙarau ne ya tafi da jinsa tun yana yaro, kamar yadda ya yi wa mutane da dama a wannan yanki namu. Tela ne. Ina zama a shagonsa tun ina ƙarami, kuma a can na fara ganin abin da Hugo yake nufi tun ban san da Hugo ba. Wani zai shigo da yadinsa, ko kallon Baffa ba zai yi ba, sai ya juya wajen yaron shago ya ce, “Gaya masa aljihu biyu nake so.” Baffa na zaune tsakaninsu, tef a wuya, idonsa na bin bakin wannan ya koma bakin wancan. Wani kuma zai tsaya a kansa ya yi ta ɗaga murya har jijiyar wuya ta fito, in ba a gane ba ya waiwayi 'yan zaman shago yana murmushi, yana neman wanda zai taya shi. Akwai kuwa wani dattijo mai sayar da goro da ke zuwa da la'asar. Zai zauna a bencin, ya taɓa gwiwar Baffa, ya zana wuyan riga a iska da ɗan yatsa, ya nuna tsawon hannu, daga nan zance ya zarce kan tsadar hatsi da wanda ya yi sabon aure, duk da hannu da gira, su yi ta dariya har kiran magariba. Bai je wata makaranta ya koya ba, maganar hannu ce irin wadda ake tsinta a kasuwanninmu in mutum ya so. Baffa ba ya jin dariya, ganinta yake, kuma bai taɓa rikita wadda ake yi tare da shi da wadda ake yi masa ba. Shi ya sa idan na zo wurin da Quasimodo ya waiwaya ya ga bakunan kotu duk a wage, ba na ganin komai sai fuskar Baffa.

Aka kai shi dandalin Grève, aka ɗaure shi a durƙushe a kan wani faifan katako mai juyawa, don kowane ɓangare na taron ya sami rabonsa na kallo. Mai bulala ya yi aikinsa har jini ya gangaro ta kan doron. Da aka gama, jama'a suka karɓa da zagi da jifa. Can sai ga limami a kan alfadari yana ratsa taron. Quasimodo ya hango shi, fuskarsa ta saki, ya yi murmushi irin na wanda mai ceto ya iso wa. Frollo ya matso har ya gane wane ne a ɗaure, sai ya sunkuyar da kai, ya juya alfadarin, ya sa masa ƙaimi. Shekara 15 na raino, ga kuma laifin da shi ne ya kitsa, amma ko sannu da hannu bai tsaya ya yi ba, alhali shi kaɗai ne a dandalin ya iya faɗinta yadda za a ji.

Ƙishi ya ci ƙarfinsa, ya buɗe bakin da ya daɗe da kullewa ya ce a ba shi ruwa. Sau uku yana roƙo. Wani ɗalibi ya jefa masa soson da aka tsoma a kwata. Wata mata ta jefe shi da dutse a ka, wai yana hana su barci da ƙararrawarsa. Wani ya wurga masa fasasshen tulu a ƙirji. Akwai kuma wani gurgu a gaban taron da yake ta ƙoƙarin kai masa duka da sandarsa. Wannan gurgu da alƙalin can su ne suka nuna mini Hugo ya san mutane. Bai ce nakasa tana sa mutum tausayin ɗan'uwansa a nakasa ba. Wani in ya sami wanda ya fi shi zama abin dariya, murna yake yi, don yau dai shi yana cikin masu jifa.

Sai Esmeralda ta hau matakalar, farar akuyarta na biye. Shi ya ɗauka ramuwa ta zo yi, tunda ita ya yi yunƙurin sacewa jiya da dare. Ba ta ce uffan ba, ta kwance gora daga ɗamararta ta kai bakinsa. Hawaye ya gangaro daga idon nan guda, wataƙila na farko a rayuwarsa. Ya sha, ya miƙa leɓe zai sumbaci hannun da ya shayar da shi, ta janye da sauri a tsorace.

Janye hannun nan bai rage mata daraja a idona ba, shi ne ma ya sa na yarda da ita. Yarinya ce 'yar shekara 16 da ke tsoron mutumin da ya kama ta a duhu, kuma tsoron bai hana ta hawa matakalar ba. Babu wanda take tara wa lada, babu abin da za ta samu. Daga baya, da aka yanke mata hukuncin rataya kan laifin da Frollo ne ya aikata, Quasimodo ya sauko ta igiya ya sure ta ya shige da ita coci, inda doka ba ta da ikon taɓa ta. Ya kawo mata abincinsa da katifarsa, ya ce kada ta dube shi. Da safe ta ce masa ya zo, ya ga leɓenta na motsi ya zaci kora ce, ya juya zai tafi, ta bi shi da gudu ta riƙo hannunsa. Ta tambaye shi me ya sa ya cece ta. Ya kafa wa bakinta ido har ya gane, ya tuna mata da ruwan. A iya karatuna, wannan ce tambaya ɗaya da aka taɓa yi masa don ana son jin amsarsa. Ya gaya mata tana iya yi masa magana da hannu, ubangidansa ma haka yake yi, ya ba ta wani usur na ƙarfe da kunnensa ke iya kamawa.

Nan ne iyakar da ta iya kaiwa. Ba ta koyi maganar hannun ba, kuma kallon fuskarsa bai daina yi mata wuya ba. Hankalinta na kan Phoebus, kyaftin ɗin da ya kama Quasimodo a daren farko. Shi wannan ba ya bukatar dogon bayani. Quasimodo ya wuni ya kai dare jingine da ginshiƙi a ƙofar wani gida yana jiransa, don ya isar da saƙon Esmeralda cewa akwai mai son ganinsa. Da ya fito, amsar da ya bayar ita ce shuri da takalmi a ƙirji. Gidan na attajirar nan ce mai kuɗin azurfa, kuma 'yarta, Fleur-de-Lys, ita Phoebus ya aura a ƙarshe.

Rashin mai yi masa magana shi ne ya jawo babban bala'in littafin. Mabarata da 'yan daban Paris suka yi gangami da dare don su fitar da Esmeralda daga cocin kafin hukuma ta zo ta ɗauke ta. Shugabansu ya tsaya ya yi shelar abin da ya kawo su da babbar murya. Quasimodo na sama, yana ganin tocilan wuta da makamai, ba ya jin komai. Ya ɗauka kashe ta suka zo yi, ya yi ta sako musu gungume da duwatsu da narkakkiyar dalma, ya hallaka masu ceton da hannunsa, har da Jehan. Da sojojin sarki suka iso, waɗanda su ne aka aiko su rataye ta, sai ya ɗauke su a matsayin mataimaka. Da gari ya waye yana tsaye bayan Frollo a saman hasumiya, ana rataye yarinyar a ƙasa, limamin ya fashe da dariya. Quasimodo bai ji ta ba, ganinta ya yi, ya tunkuɗa shi ƙasa.

Saura mutum ɗaya da ban auna ba, shi ne marubucin. Ina girmama Hugo, amma akwai shafukan da nake karantawa raina a ɓace. Ya rubuta cewa hankali yana tsumburewa a cikin jikin da bai cika ba, cewa duk abin da ya shiga kan Quasimodo a karkace yake fita. Babin da ya bayyana biyayyarsa ga Frollo kuwa sunan kare da ubangidansa ya ba shi. Wannan ra'ayin zamaninsa ne, na sani, amma bai yi nisa da na tsofaffin da suka kewaye gadon katako ba, kuma na ji irinsa a shagon Baffa daga bakin masu ɗauka cewa wanda ba ya ji ba ya fahimta.

Labarin da Hugo ya rubuta da hannunsa shi ne ya ƙaryata shi. A daren da Phoebus ya shure shi, Quasimodo ya koma coci, Esmeralda ta tarbe shi ta ga shi kaɗai. Yana iya gaya mata gaskiya: ya ga mutumin, a gidan wata yake, ya ƙi zuwa. Da wannan gaskiya zai wanke kansa, wataƙila ma ya raba ta da abokin takararsa. Sai ya ce mata bai same shi ba. Ta fusata ta ce ai da ya kwana yana jira, ta kore shi. Ya sunkuyar da kai ya tafi. Ya auna abin da gaskiyar za ta yi mata, ya auna abin da fushinta zai yi masa, ya ɗauki na biyun. Limami mai tarin littattafai da alƙali da kyaftin, babu ɗayansu da ya yi lissafi mai zurfin wannan a duk tsawon littafin, kuma mutumin da Hugo ya ce tunaninsa a karkace yake shi ne ya yi shi.